Jirgin da Bai Tsaya a Abyar Ali ba

Mu da aka haifa a Jidda muna da wani gata da ba mu cika lura da shi ba. Idan mutum ya so yin Umra, sai ya yi wanka a banɗakin gidansa, ya ɗaura harami a tsakar ɗaki, ya yi niyya, ya fito ya tari mota. Garinmu yana cikin iyakar miƙati, saboda haka ƙofar gidanka ita ce miƙatinka. Na yi Umra ban san adadi ba, wata ran ma daga tashi aiki, amma ban taɓa tsayawa a wani masallacin hanya domin ɗaura harami ba. Sunayen miƙatai na san su ne kamar yadda na san sunayen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Jahilci ne zalla, amma a lokacin ni gani nake yi babu wanda zai koya mini Umra.

Kakana na wajen uba ya zo aikin Hajji ne ya zauna, a unguwar Ruwais ta Jidda aka haifi babana, a nan aka haife ni. Umma kuwa daga Nijar aka kawo ta, daga wani gari a ƙasar Damagaram, kuma ita ce ta hana Hausa mutuwa a bakinmu, domin duk wanda ya amsa mata da Larabci ba ta jinsa. Tana da wa guda ɗaya a can, Kawu. Malami ne na zaure, kuma tun kafin a haife ni shi yake koya wa maniyyatan garinsu aikin Hajji da Umra. Umma ta ce duk wanda Allah ya kira sai ya yi mako biyu a ƙarƙashin rumfar Kawu, yana nuna masa yadda ake ɗaura ƙyalle biyun nan, da inda ake fara ɗawafi, da abin da ake faɗa a kan Safa. Shi kansa bai taɓa zuwa ba. Ya raka mutane tasha har ya tsufa, sai da almajiransa na da suka haɗa kai suka ce wannan karo shi ma sai ya tafi, ko da Umra ce.

Akwai abu ɗaya da yake yawan maimaita wa Umma a waya. Ya ce ayarinsu ta Madina za su fara, kuma wannan ne abin da ya fi faranta masa rai, domin zai ɗaura haraminsa a Zul Hulaifa, wurin da mu muke kira Abyar Ali, inda Manzon Allah (SAW) ya ɗaura nasa. Zai yi wanka a can, ya yi raka'a biyu a masallacin, ya fara talbiya daga inda aka fara ta. Ya ce shekara da shekaru yana kwatanta wa mutane wurin da baki, yana so ya koma ya kwatanta musu da abin da idonsa ya gani. Ina jin su daga falo ina danna waya, maganar tana shiga ta wannan kunne tana fita ta wancan.

Ni kuma nawa ciwon jirgin ƙasa ne. Ina aiki a wani kamfanin sayar da kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Aziziyya, kuma kusan kowane wata sai an tura ni reshenmu na Madina. Tun da aka fara jirgin nan mai aiki da lantarki na yi sallama da doguwar hanyar mota. Ina son jirgin nan kamar babana ne ya ƙera shi. Babu hayaƙi, babu ƙara, ka ajiye kofin shayi a gabanka ba ya ko motsi, ga allo a saman ƙofa yana nuna maka gudun da ake yi har ya taɓa ɗari uku. Kowa da lambar kujerarsa, babu mai ce maka matsa. Na san wanda yake tsayawa a tashar tsakiya da wanda yake wucewa kai tsaye har Jidda, kuma na raina masu shiga na farkon. Abin da ban sani ba shi ne abin da yake faruwa a mintuna goman farko bayan an bar Madina, domin kafin jirgi ya ɗaga na riga na toshe kunnuwana na jingina kai.

Da Kawu ya gama kwanakinsa a Madina sai na ce da Umma ni zan je in ɗauko shi. Dabarata ita ce mu shiga jirgi ni da shi daga Madina, Umma ta hau a tashar Jidda da haraminta daga gida, mu isa Makka tare. Ni ban yi niyyar Umra ba a wannan karon, nawa rakiya ce da tura keken Umma, don gwiwoyinta sun daina ɗaukar ta. Na yanki kujeru a babban ɗaki, na masu tikiti mai tsada, na zaɓi mai wucewa kai tsaye. Gaskiyar magana, so nake Kawu ya koma gida ya ce ɗan ƙanwarsa ya sa shi a wani abu da ko gwamnan Damagaram bai taɓa shiga ba.

Na same shi a masaukinsu da hantsi, dogon tsoho siriri da farin gemu, idonsa irin na Umma sak. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambayar kowa da kowa har da jikokin da bai taɓa gani ba. Na gaya masa shirina. Abokan tafiyarsa za su tashi ne da bas, wadda shi yake kira kar irin na mutanen Nijar.

“To ɗana, a ina zan ɗaura harami? Kar ɗinmu zai tsaya a Zul Hulaifa, jagora ya ce za a ba mu lokaci mu yi wanka mu yi salla.”

“Kawu, jirgin ma yana tsayawa,” na ce.

Ban san haka ba. Ban taɓa gani ba, ban taɓa tambaya ba. Kawai na lissafa a raina cewa jirgin da aka yi domin ya haɗa Madina da Makka ba zai rasa tsayawa a miƙati ba. A can ƙasan zuciyata kuma akwai wani tunanin da ya fi wannan wauta, wai ko bai tsaya ba ai sai ya ɗaura idan mun iso Jidda, kamar yadda muke yi kullum. Na faɗi maganar da ƙarfi irin na mai shago da aka tambaya ko kayansa na asali ne.

Ya yarda. Ya je ya yi sallama da jagoransu, ya dawo da babbar akwati da wata ledar hannu da ya sa haraminsa a ciki, fari ƙal, a ninke, da sabulu da ɗan almakashi. Ledar ce ba ta yi mini ba. Ta tsufa, rubutun jikinta ya goge, kuma na hango kaina ina shiga babban ɗaki da ita. Na ce masa ai jaka ɗaya ta fi sauƙin riƙo, na buɗe akwatin na cusa ledar can ƙasa a ƙarƙashin tsarabar Umma, na zuge na kulle. Ko wankan safe bai yi ba, ya ce ya ajiye shi sai Zul Hulaifa.

A tasha na shiga nuna gwaninta. Na nuna masa rufin, na nuna masa matakala mai tafiya da kanta, na ɗora wayata a kan ƙofa ta buɗe mana ba tare da takarda ba. Yana ta cewa ma sha Allah, amma idonsa ba a kan rufin yake ba. Rabin mazan da suke zaune a zauren jira da harami suke, kafaɗu a waje, takalman roba a ƙafa. Ni ma na gan su, kuma a nan na fara shan jinin jikina. Ga tebur ɗin ma'aikata can bai fi taku ashirin ba, ga lokaci muna da shi, ga banɗaki da famfo. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama.

“Ɗana, waɗannan me ya sa suka ɗaura tun daga nan?”

“Masu gaggawa ne, Kawu. Ba sa son cunkoson can.”

“Ko dai mu tambayi mutanen jirgin?”

“Haba Kawu, ni fa a nan aka haife ni. Duk wata ina cikin jirgin nan. Yalla, an fara kira.”

Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “To, kai ka san garinku.” Ya miƙe ya bi bayana.

Na ajiye akwatin a ma'ajiyar kaya kusa da ƙofa, na zaunar da shi a jikin taga. A ɗaya ɓangaren akwai wani Balarabe mai matsakaicin shekaru da matarsa, shi ma da harami. Jirgi ya zare daga tasha a hankali ba ka jin komai. Kawu ya dafa hannun kujera yana kallon gidajen Madina suna ja da baya, leɓɓansa suna motsi da salati. An kawo mana gahawa da dabino. Ina cikin nuna masa allon gudu sai lasifika ta buɗe, kuma a karon farko a rayuwata babu komai a kunnena. Muryar ta ce ana gab da wucewa daidai da miƙati, duk mai niyyar Umra ya shirya ya yi niyyarsa.

Na ji kalmar sarai, wucewa aka ce. Kawu kunnensa ya ɗan yi nauyi, kuma Larabcin lasifika sauri gare shi, kalma ɗaya ya kama.

“Me suka ce game da miƙati?”

“Sun ce an kusa.”

“Za su tsaya ke nan?”

Wannan shi ne wurin da nake komawa kullum idan abin ya faɗo mini. Ina da minti biyu ko uku a hannuna. Da na ce, Kawu, na yi kuskure, ba ya tsayawa, da shi ya san abin da zai yi, domin aikinsa ke nan. Amma bakina ya riga ya faɗi cewa a nan aka haife ni, ga Balaraben nan yana kallonmu, ga wani ɗan guntun fata marar tushe cewa wataƙila dai a rage gudu a buɗe ƙofa. Na ji tsoron a ga ban sani ba fiye da yadda na ji tsoron abin da tsohon zai rasa.

“Za su tsaya, Kawu,” na ce.

Sai ya shiga shiri. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya gyara hularsa, ya miƙe ya nufi ƙofa domin kada a buɗe yana nesa da akwati. A daidai lokacin ɗakin ya ɗauki talbiya, Labbaikallahumma labbaik, daga gaba da baya, maza da ƙarfi mata a hankali. Kawu ya waiwayo ya dube su, ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon kofin gahawa. Ya juya ya ci gaba da tsayuwa.

Akwai gilashi tsakanin ɗakin zama da wurin ƙofa, ta nan nake hango shi. Hannunsa ɗaya a kan mariƙin akwati, ɗaya a jikin bango, fuskarsa dab da tagar ƙofa yana neman hasumiyar masallacin da ya yi shekaru yana kwatanta wa mutane. A saman kansa allo yana ta ƙara lamba. Gidaje suka ƙare, baƙaƙen duwatsu suka fara, shi yana nan tsaye yana jira. Ban san minti nawa ya yi ba, ni dai na kasa tashi. Ina zufa a cikin sanyin da nake yi wa mutane alfahari da shi.

Wani ma'aikacin jirgi ne ya zo wucewa ya ce masa, “Ya hajj, zauna mana, ka huta.” A nan na taso, amma kafin in isa Kawu ya riga ya fara magana da kansa. Da Larabcin littafi ya yi ta, irin wanda na yi ta yi masa dariya a raina tun safe, kowace kalma da wasalinta. Ya tambaya yaushe za a tsaya a Zul Hulaifa. Ma'aikacin ya dube shi da rigarsa da hularsa, fuskarsa ta canza.

“Halas ya hajj, mun wuce tun ɗazu. Babu tasha a can, ba a tsayawa. A masauki ake ɗaurawa ko a tasha, sai a yi niyya a kujera. Ba ka ji sanarwa ba?”

Kawu bai ce na ji ba, bai ce ban ji ba, kuma bai nuna ni ba. Ya yi masa godiya, ya saki mariƙin akwatin, ya dawo ya zauna. Ni na biyo shi kamar wanda aka kama da kayan sata. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take yadda maƙwabtanmu ba za su ji ba.

“Da ka ce mini ba ka sani ba, ɗana, da na yi niyyata a zaune a nan, ko da rigar a jikina, in tuɓe daga baya. Da na samu wurin, ko ban taka shi ba.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maimakon in ce ya yafe mini, sai bakina ya sake zaro wata wautar.

“Ma'alesh, ba komai Kawu, ai sai ka ɗaura a Jidda. Mu kullum daga nan muke ɗaurawa.”

“Ku 'yan gida ne. Ni baƙo ne da ya taso daga Madina da niyyar Umra. Hukuncinmu ba ɗaya ba ne.”

A hankali ya faɗa, kamar yadda nake jin yana faɗa wa manoman da suke zuwa rumfarsa. Ni da na yi Umra ban san adadi ba, a ranar aka fara karanta mini babin farko. Na ce to idan mun isa Jidda mu sauka mu koma Madina, in kai shi da mota har ƙofar masallacin. Ya girgiza kai, ya ce ƙanwarsa tana zaune a tasha da ciwon ƙafa tana jiran sa, ba zai ce mata ta koma gida ba. Sannan ya ce akwai mafita. Mu mutanen yamma, in ji shi, miƙatinmu na asali Juhfa ne, can kusa da Rabig, kuma malamanmu sun yi rangwame ga wanda ya biyo ta Madina ya jinkirta zuwa can, sai dai ya bar abin da ya fi falala. Ya ce ba zai wuce miƙati biyu da riga a jikinsa ba.

Ya sake miƙewa ya nemi ma'aikacin da kansa, ni bai tambaye ni ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Ya tambaya ko jirgin zai tsaya a kusa da Juhfa. Ma'aikacin ya ce akwai waɗanda suke tsayawa a wata tasha da ba ta da nisa da can, daga nan mutum yana iya ɗaukar mota zuwa masallacin, amma wannan mai wucewa ne, ba zai buɗe ƙofa ba sai Jidda. Ni na zaɓe shi da hannuna saboda ya fi sauri da 'yan mintuna, har na yi wa Kawu alfahari da hakan a tasha. Ma'aikacin ya yi alkawarin zai zo ya gaya masa kafin a kai daidai wurin.

Sai maganar fito da harami. Na kwantar da akwatin a ƙasa a bakin ƙofa na buɗe, kuma da yake ni na cusa ledar can ƙasa, sai da na fitar da komai. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga ƙullin daddawa da Umma ta yi wata biyu tana jiran sa. Ƙullin kuka ɗaya ya ɓalle ya zube a kan kafet. Warin daddawa ya cika wurin ya shiga babban ɗaki, na ga kawuna suna juyowa. Da safe wannan shi ne abin da na fi tsoro a duniya. Yanzu ina durƙushe ina kwashe kuka da tafin hannu, kuma wallahi ko a jikina, domin kunyar da take cina ta fi wannan girma nesa ba kusa ba.

A banɗakin jirgi Kawu ya ɗaura haraminsa. Ɗaki ne da mutum ba ya iya miƙa hannu biyu a cikinsa, famfon yana ba da ruwa kaɗan kaɗan, wanka ba ya yiwuwa. Alwala ya yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina karɓar kayansa ɗaya bayan ɗaya ta ɗan buɗin da ya yi, riga, wando, hula, ina jin gwiwar hannunsa tana bugun bango. Da ya fito na ga ƙasusuwan kafaɗarsa da furfurar ƙirjinsa, na ga yadda ya tsufa. Amma ɗaurin da ya yi, a duk ɗakin babu mai irinsa, ya zauna daram babu ɗamara babu ƙulli. Balaraben nan ma sai da ya duba nasa ya gyara.

Ya yi nafilarsa a zaune a kujera. Da ma'aikacin ya zo ya ce an kusa, sai ya rufe ido ya yi niyya, ya ɗaga murya da talbiya shi kaɗai, domin sauran sun yi tasu tun da daɗewa, wasu har sun yi barci. A waje babu komai sai fili da turakun lantarki suna wucewa. A zagaye na biyu Balaraben ya kama masa, sai wani daga baya. Ni ban da bakin kamawa, ina zaune da rigarsa a ninke a kan cinyata.

A tashar Jidda aka turo Umma a kekenta har bakin ɗakinmu. Rabonsu da juna tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta riƙe hannunsa tana kuka tana dariya, tana ce masa ya zama babansu sak. Jirgi bai gama fita daga gari ba ta yi tambayar da na san za ta yi.

“Yaya, ka ga Abyar Ali? Ka samu ka yi raka'arka biyu?”

Mutum ne mai harami, ba zai yi ƙarya ba, kuma da ya faɗi abin da ya faru babu wanda zai ga laifinsa.

“Mun biyo ta nan,” ya ce. “Jirgin ɗanki ba ya wasa. Ke dai gaya mini, wa ya rage a cikin tsofaffin Ruwais da kike ba ni labari?”

Umma ta kama zancen tsofaffi ta manta. Ta juyo ta ce Allah ya yi mini albarka da na hutar da wanta wahalar hanya, ni kuma na ce amin.

Sun yi Umrarsu lafiya. Kawu ya kwana uku a Ruwais, ya ci tuwon Umma da miyar kukar da na kwashe daga kafet, ya yi wa yarana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya na keɓe shi na ce in ɗauki hutu mu koma Madina da mota ya sake wata Umrar daga Abyar Ali. Ya ce ayarinsu jibi za su tashi, ƙafafunsa kuma sun ba da abin da suke da shi, wadda Allah ya ba shi ta isa. Na raka shi filin jirgin sama na cika masa akwati da dabino da turare, kamar wannan ne abin da ya zo nema.

Bayan shekara guda babban ɗansa ya zo Umra, ya sauka a gidana a unguwar Safa ta Jidda. Taubashina ne, kuma bakinsa ba ya da linzami. Tun daga ƙofa ya fara, ya ce Hausata ta 'yan gudun hijira ce, ya ce tumbina ya riga ni shigowa falo, ya ce mu bayinsu ne da suka ba Larabawa aro. Na shirya wa ranar, na san idan ya san labarin jirgi to na kaɗe har jikokina. Muka yi kwana biyu bai taɓo shi ba. A rana ta uku bayan la'asar muna shan shayi sai na tambaye shi yadda ya zo daga Madina.

“A jirginku mana. Amma ni tun a masauki na yi wanka na ɗaura. Ai Malam ya ƙara babi a karatunsa. Yanzu duk wanda ya zo rumfa sai ya ce masa, idan kana son ka taka Zul Hulaifa da ƙafarka ka bi kar, idan kuwa jirgin ƙasa za ka shiga ka ɗaura tun daga ɗaki, don ba ya tsayawa. Har sau biyu yake maimaitawa.”

Na ce, “Ya gaya muku yadda aka yi ya sani?”

“Ya faɗa. Ya ce shi abin ya faru da shi, bai ga masallacin ba. Mutane suka yi ta mamaki, wai Malam guda. Ya ce sakacinsa ne, ga ma'aikata a gabansa bai je ya tambaya ba.” Ya kurɓi shayi ya yi dariya. “Kai ma da kana tare da shi ai ka ga tsufa. Mutumin da yake koya wa gari guda, ya zo nan ya kasa buɗe baki ya yi tambaya.”

Sau uku ya tambaya, a masauki, a tasha, da cikin jirgi, kuma duk ukun ni ya tambaya. Ga taubashina a gabana, mutumin da aka halatta masa ya ci mutuncina a yi dariya a wuce, babu wanda ya fi shi sauƙin gaya wa. Na buɗe baki, na ji maganar ta zo har maƙogwaro. Sai na ɗauki buta na ce ya miƙo kofinsa in ƙara masa.